Gidajen da Ban Ƙirga Ba

Litinin, 3 ga Nuwamba

Wata bakwai da kwana tara rabona da garinmu, Sukkur. Can fanka suke kunnawa, ni nan ruwan alwala ke daskare mini a buta. Tankunan haidirojin dai sun cika, kilo ɗari da ashirin. Duk watannin zafi farantan sola na raba ruwa muna tara iskar. Ran ashirin ga wata rana za ta faɗa bayan dutse, sai ta yi kwana sittin ba ta leƙo kwarin nan ba. Kilo biyu kullum, in an mai da shi lantarki, ya ishi gari da ɗakin shan magani. Ni na zana, ni na lissafa.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Kilo huɗu jiya, huɗu yau. Na rubuta wa ofis cewa mutanen nan ɓarnar wuta suke, ba su san darajar abin kyauta ba.

Talata, 25 ga Nuwamba

Na bi gida-gida ina neman masu ɓoye hitar ɗumama ɗaki. Ko ɗaya. Sai hayaƙi da na gani yana fita daga gidajen da na rubuta "kango" a taswirata. Maƙwabta sun ja musu waya.

Bibi Nigor, tsohuwar da ke jagorantar mata makiyaya, ta tare ni.

"Injiniya Sahib, a wane wata ka ƙirga mu?"

Na ce Yulin bara.

"A Yuli wa ka tarar, in ban da tsofaffi da masu ciwon gwiwa? Muna saman dutse da shanu! Ran da za mu hau bana ban ce maka ka sa gidajen da ke da kwaɗo a lissafi ba? Ka ce, Inna, kwamfuta ta riga ta gama."

Haka na ce. Na tuna har dariyar da na yi.

Gida talatin da ɗaya na ƙirga. Hamsin da takwas ne.

Laraba, 26 ga Nuwamba

A haka iska za ta ƙare wajen ashirin ga Disamba, ga ƙanƙara ta rufe hanya. Mijin Bibi, Daulat Amin, na kwance a ɗakin shan magani, na'ura ke taimaka masa numfashi. Rabin kilo take ci a rana. Na zo na duba hitar ɗakina. Ita ma rabin kilo.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Taron gari. Na miƙe na ce laifina ne, muryata kamar ba tawa ba. Kurban mai shago ya ce a yanke wa duk wanda ya ja sabuwar waya wuta.

Bibi ta ce, "Madalla, sai mu fara da gidan surukarka."

Aka kwashe da dariya, ya zauna yana sosa wuya. Ba ƙarya ya yi ba, ni ma abin da na zo da shi ke nan a aljihu.

Ashe kafin zuwan lantarki, in sanyi ya kama, kowace unguwa a gida ɗaya take taruwa da yamma, yau nan gobe can, don a rage itace. Shi suka ce za su koma yi. Gida tara za a kunna kullum. Babu wannan a littafin da na karanta.

Na cire hitata. Bibi ta ce in kwaso bargona in dawo gidanta, "kada mu wayi gari mu tarar da sandararren injiniya, a ce mu muka kashe shi."

Talata, 9 ga Disamba

Kilo ɗaya da rabi. Shayin gishirin Bibi har yau bai shiga raina ba. Kofi uku na sha.

Juma'a, 19 ga Disamba

Sai yau na janye wasiƙar da na aika ofis. Sati uku ina juya ta. Na rubuta sunana a inda na sa nasu, wajen mai laifi.

Litinin, 19 ga Janairu

Rana ta taɓa rufin ɗakin shan magani, minti goma sha biyu. Aka fito da Daulat a kan kujera. Ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan ƙasar zafin da bai iya ƙirga ba?" Na ce ni ne, Baba.

Bibi ta ce a Mayu in hau dutse da su in ga sauran mutanenmu. Mutanensu, nake nufi. Na ce zan duba. Na dai tambayi Kurban ko yana da takalmin hawa lamba arba'in da biyu.

Abin da ya rage a tanki: kilo goma.