Katin Inna da Allin Ƙofata

Litinin, 14 ga Afrilu
An kira maniyyatan Hajji na Wurno, jibi a je allura. Sunan Inna na ciki. Ban da ta sanƙarau da sauransu, likita ya ce masu ciwon ƙirji irinta su ƙara da ta mura mai tsanani, don a taron Makka tari yawo yake daga baki zuwa baki. Shekararta saba'in da uku. Allurar mura kuma? Murar da citta da kanumfari ke kora?

Talata, 15 ga Afrilu
Uwaisu, abokin sayar da albasata a Achida, ya san wani da ke buga hatimi a katin rigakafi ba tare da allura ta taɓa mutum ba. Na dawo ina murna na faɗa wa Inna. Tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba.
"Mi kac ce? In tai ɗakin Allah da katin ƙarya cikin jikkata?"
Na ce tsoro nake ji, jikinta ba ƙwari. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana jiran kujerar nan, ba za ta ɓata ta da ƙarya ba. In ba zan kai ta ba, Ismail ƙanena yana da babur.
Kunya ta kama ni, haushi ma haka.

Laraba, 16 ga Afrilu
Na kai ta. Cikin duk ma'aikatan duniya, wa ke riƙe da allurar? Sista Maureen. Ita ce ke jagorantar masu ɗigon shan inna a unguwarmu, ita na kora daga ƙofar gidana sau uku. Duk alamar allin da suka rubuta a ƙofar, kafin su sha kwana na goge da tsumma.
Ta gane ni sarai. "Malam Halliru mai tsumma, yau kai ne a wurinmu?" Na yi kamar ina duba waya.
Ta zaunar da Inna, ta ce allurar ba ta hana kowace irin mura, amma tana rage wadda ke kwantar da tsofaffi. Damtse zai yi tsami, wataƙila ɗan zazzaɓi. Ta rubuta mini lambarta a bayan takarda. Inna ko gezau. Ni ne na kau da kai.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Zazzaɓi tun hantsi. Inna ta ƙi kunu. Na sauke fushina kan Ismail, shi da bai yi komai ba. Da azahar na kasa daurewa, na kira lambar nan. Na shirya jin baƙar magana, sai ta tambayi numfashin Inna, ta sa na ƙirga mata shi. Ta ce a ba ta farasitamol da ruwa da yawa, in ƙirjin ya fara kuka a kawo ta nan take. Bayan la'asar ita ta kira ni da kanta.
Allah, kar ka sa ni ne na kai Inna ga halaka da hannuna.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Na iske Inna tana shara tana yi wa kaji faɗa. Alhamdu lillahi.

Litinin, 12 ga Mayu
Jirgin su Inna ya tashi daga Sakkwato. Katin na cikin jakar wuyanta, ta naɗe shi a leda kamar takardar gona.

Litinin, 9 ga Yuni
Ta kira, an gama jifa. Ina jin tari ta ko'ina a bayanta. Biyu daga ɗakinsu suna kwance, wakilci aka yi musu. Ita majina ce kawai da ɗan kaikayin maƙogwaro. "Da ƙahwata niy yi komi, ba wanda yat tura ni bisa keke." Ko allurar ce, ko ba ita ba ce, Allah ne masani. Na zauna kan buhun albasa na yi ta share ido, Uwaisu yana cewa ai albasar bana akwai yaji.

Asabar, 28 ga Yuni
Inna ta dawo, yau ita ce Hajiya Adama! Ta rame, ta yi baƙi, bakin nan dai yana nan. Tana buɗe jaka ta ware dabino da zamzam, ta ce in kai wa "ɗiyag ga mai allura". Na ce Ismail ya kai. Ta ce ni ta aika.
Na kai. Na gaishe ta yadda ya kamata, ban dai tsaya hira ba.

Asabar, 5 ga Yuli
Masu ɗigo sun zo ina zaure. Matata Turai ta leƙo da 'yarmu Nafisa a goye, tana kallona ta ga abin da zan ce. Na ci gaba da jan carbina. Ta fito da ita, aka ɗiga mata.
Sun yi rubutunsu a ƙofa sun wuce. Tsumman na nan a rataye inda yake. Damina ce, ruwa zai wanke shi da kansa, ba sai na wahalar da hannuna ba.