Na Goma Sha Ɗaya a Bangon Lise

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Na samu aiki mai daɗi. Daraktan lise, babbar makarantar sakandare, ya kira ni. Makarantar za ta cika shekara hamsin, suna son in rubuta sunayen manyan tsofaffin ɗalibansu a bangon da ke kallon ƙofa. Ya zaga da ni ko'ina. Ajujuwa huɗu na laka da aka fara da su har yanzu suna tsaye, yara na ce musu Sahara don babu itace ko ɗaya a gabansu. Daga filin ƙwallo ana hango dutsi tar. Ni da ban taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, sai yaƙi da jahilci da na yi da gemuna, yau ni ne mai rubutu a lise. Alhamdu lillahi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

An ba ni jerin sunaye, ashirin da bakwai. Alƙalai, kanar, wata 'yar jarida, har da ɗan kokawa. Na goma sha ɗaya: Docteur Issa Dan Malam.

Sunana ke nan. Mutumin kuwa Musbahu ne, ɗan ƙanen Baba.

Shekarar da aka zo ɗaukar yara lakwal a ƙauyenmu Geceme, ni aka rubuta. Baba ya ce ba shi da wani hannu a gona, sai aka tura Musbahu da takardar haihuwata. Shi ya zama Issa Ɗanmalam babban likita a Yamai, ni na zama Issa mai fenti.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na yi na goma. Na yi na sha biyu.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Matata Kaltume tana tankaɗe tana yi mini tsiya. "Maigida, mi ya hana ka? Rubuta abinka, in tahi kasuwa a ce ga matar lokotoro, babban likita!" Na yi dariya. Ina son sana'ata, gidana lafiya lau, gerona ya yi bana. Amma wallahi ina jin haushi, haushin da na zaci ya mutu tun ina saurayi.

Talata, 12 ga Nuwamba

Darakta ya ce bangon ya yi giɓi kamar bakin tsohuwa, ga biki ranar Asabar. Na ce shuɗin fenti ne ya ƙare. Gwangwani biyu na cikin buhuna. Allah Ya yafe mini.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Musbahu ya iso daga Yamai, ya iske ni a kan tsani ina gyara layi. Ya fi ni furfura, alhali na ba shi shekara guda. Ya daɗe yana duban gurbin da na bari.

Na ce, "Musbahu, sannu da hanya."

Ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce, "Yaya, tun da Inna ta rasu babu wanda ya kira ni hakanga. Ɗiyana ma ba su san sunan ba."

Ban taɓa tunanin wannan ba. Kullum abin da aka ɗauke mini nake gani. Shi yana ɗan shekara shida aka ce masa daga yau in mushe, malamin lakwal, ya kira Issa, ka amsa.

Ya ce, "Aron sunanka na yi, ba a ko tambaye ka ba. Na riƙe maka shi da kyau?"

Na ce ya riƙe mini tsani, yana rawa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An yi biki, an cika har kan katanga. Sunaye ashirin da bakwai cif. Da aka kira na sha ɗaya Musbahu ya miƙe, ni kuma tafi na yi ta yi har tafin hannuna ya yi zafi. Kowa ma ai tafi yake.

Ba wai na huce ba ne. Gobe dai zai zo cin tuwo. Na gaya wa Kaltume da yara, a gidan nan kada in ji wanda ya ce masa likita ko Issa. Baba Musbahu za su ce.