Babur ɗin Aro a Bayan Motata

Litinin, 6 ga Nuwamba

Na baro Bahía Blanca da hantsi. Maza biyu daga garejin unguwa suka tura babur ɗin kan katako, suka ɗora shi bisa gadon ƙarfen da marigayi mijina Eliseo ya yi wa walda a bayan motarmu mai ɗakin kwana a ciki. Igiyoyin kuwa ni na ja da kaina, ban yarda da ɗaurin kowa ba. 'Yata Griselda na tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu, sai ka ce ita ta haife ni. "Mama, ki ba tirela ta kai shi mana. Ya fi kilomita dubu fa, ke kaɗai." Na ce ubanki ni ya ce in kai, bai ce tirela ba. Ta ce to, in motar nan ta ko gogi wani abu, zuwa za ta yi ta ɗauko ni, a sayar da motar in koma ɗakin bayan gidanta. Ni da na tsufa ina tuƙa bas ɗin 'yan makaranta!

Babur ɗin ba namu ba ne, shi ne abin. Na Aníbal ne, ƙanen Eliseo. Aronsa Eliseo ya yi a garinsu, Puerto Deseado, tun muna da ƙuruciya, wai zai zo ya gan ni ya koma cikin mako. Bai koma ba. A asibiti, da bakinsa ya fara nauyi, abin da ya iya ce mini ke nan: "Herminia, ki mayar wa yaron nan babur ɗinsa." Yaron nan, mai jikoki.

Talata, 7 ga Nuwamba

San Antonio. Hanya lafiya. Kafin in taso na kwashe duk tarkacen Eliseo daga gaba, akwatin sifanoni, jak, tsohon batir, jarkokin ruwan da yake jerawa ƙarƙashin ƙafarsa, na tura su can baya ƙarƙashin gado. Ba zan iya tuƙi ina hango su ta wutsiyar ido ba. Kujerarsa na goge ta tas, ko jaka ban ɗora mata ba.

Ni ke tuƙi tun asali, shi aikinsa zuba shayin mate ya miƙo mini, da kushe yadda nake sa giya. Yau sai da na tsaya gefen titi na zuba wa kaina. Ya yi ɗaci, na zubar.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Trelew. Na ce "Ƙato, duba mini dama" a mahaɗar hanya, da ƙarfi kuma, da sunan da na saba kiran Eliseo.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Bayan Trelew iskar yamma ta taso, irin wadda na sani tun da daɗewa, amma motar ba ta taɓa yi mini haka ba. Sitiyari ya yi sakwaf a hannuna, ina juyawa tana ƙin ji. Wata tirela ta wuce ni, kafin in ankara na sauka kan tsakuwa, waya mai ƙaya ta shingen tumaki ta ja gefen motar tun daga ƙofa har baya. Da na tsaya ban ko duba jikina ba, baya na ruga. Babur na nan daram, igiya ɗaya ce kawai ta yi sako-sako.

Na lallaɓo zuwa gidan man Garayalde. Griselda ta kira. Na ce lafiya lau, iska ce kaɗan. Ƙarya ta zo mini a baki ba wahala.

In na kasa kai shi fa? Abu ɗaya tak mutumin nan ya roƙe ni.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Iska ba ta faɗi ba, duk muna fake a bayan gidan mai. Akwai wata mata, Zulema, ita da mijinta a tasu motar mai ɗakin kwana, 'yan Mendoza. Baki gare ta. Ta zagaya motata tana tsotsar mate, ta ce, "Baiwar Allah, motarki sama take kallo. Addu'a take yi?" Na tsaya daga nesa na duba. Gaskiya ne, baya ya zauna, gaba ya ɗaga.

Na ce shekara da shekaru muna yawo da babur ɗin nan a baya, ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "To me ya canja a gaban?"

Sai na tuna. Kayan ƙarfen da na kwashe na mayar baya, na ƙara wa babur nauyi da hannuna. Da kuma shi Eliseo. Mutum kilo ɗari da ɗoriya zaune kan tayar gaba duk tafiya. Ashe duk faɗan da nake masa kan tarkace a ƙarƙashin ƙafa, ya san abin da yake yi, bai dai taɓa faɗa ba, don ya fi son in yi ta masifa yana dariya.

Zulema ta miƙo mini ƙoƙon mate ɗinta. Na sha har ya yi ƙara.

Har mota ta san ba ya nan. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Na dawo da kayan gaba ɗaya bayan ɗaya. Akwatin sifanonin har yanzu warin hannunsa yake. Duk da haka gaban bai sauka yadda ya kamata ba. Mijin Zulema ya samo buhunan gishirin tumaki da babu komai a ciki, muka cika su da tsakuwa. Ya tambaya a ina za a sa. Na yi ta nuna ƙasa, gefe, ko'ina, Zulema ta ce, "Herminia, a kujerar za su zauna, kin sani." Na ji haushinta ƙwarai.

Suna ɗorawa suna kallona, ni ce ma'auni. Buhu na uku na ce a rage kaɗan, ya rame a ƙarshe. Na ja bel na ɗaure su. Daga nan na shiga baya na rufe labule, ban fito ba sai la'asar.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Motar ta kama ƙasa. Na wuce Comodoro cikin iska ba ta ko girgiza ba. Na yi wa buhunan faɗa kan Griselda tun daga Caleta har Fitz Roy, ba su musa ba. Ban ji daɗin hakan ba, shi da ya musa.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Na kai.

Aníbal ya fito da sanda, ƙafar ta ƙi shi yanzu. Tafiyarsu ɗaya da Eliseo, sai da na kau da kai. Ya zagaya baya ya tsaya yana kallon babur ɗin, ya daɗe. Ya ce, "Matar yaya, ya sauya masa kujera." Na ce sau uku ma. Ya ce, "Ɓarawo." Sai ya dafa tankin da hannu biyu ya fashe da kuka, ni ma na taya shi, a tsakiyar titi, maƙwabta na leƙe.

Surukinsa ya taimaka muka sauke. Bugu biyu ya tashi. Aníbal ba zai iya hawa ba, ya dai zauna a kai cikin gareji yana murɗa hannu, hayaƙi ya cika wurin, matarsa na ta zaginsa ta taga.

Da ya rako ni ɗaukar jakata ya ga buhuna ɗaure da bel. Ya ce wannan fa? Na ce yayanka ne. Ya yi dariya har da tari, sannan ya cire hularsa.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Griselda ta ji labarin gogewar daga bakin matar Aníbal. Ta kira tana kuka, ba faɗa. Na ce na kai, kuma da motata zan dawo. Ta ce in riƙa kiranta da rana.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Tunda babu babur, buhunan ba su da aiki, sai cin mai. Na san haka tun Litinin. Yau da safe na tsaya a bakin ruwa, bayan wurin jiragen masunta, na kwance bel na jawo su ƙasa, na zazzage tsakuwar cikin ta bakin teku. Garinsa ne ai. Na zaci zan kasa tashi daga wurin, amma sanyi ya kore ni.

Hanyar fita miƙaƙƙiya ce, iska a gefe. Motar ba nauyi, sitiyari na jin magana, gangara ko hawa duk ɗaya. Ban taɓa jin ta haka ba tun da muka saye ta. Na yi nisa sosai kafin in lura na sauke gilashi, gwiwar hannuna a waje.

Ta yi daɗin tuƙi, Ƙato. Ka yi haƙuri.