Abin da Inna Ta Riƙa Faɗa Maka

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Allah. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma ba za ka iya ba, don sa hannu kawai suka koya maka a kamfani. Amma kai ka sa ni makaranta, bari in mori alƙalamin a kanka.

Gida lafiya. Inna ta fita takaba, ta koma sayar da banda a kasuwar Yelwa, har ta yi ƙiba. Ƙanena Sani ya shiga jirgin wani Basarke suna kamun kifi a bakin tafki wajen Ngaski. Kekenka Kawu Bawa ya ɗauke tun ranar sadakar uku, bai tambayi kowa ba. Ɗakinka albasa aka zuba a ciki. Babu wanda ya zo ta'aziyya daga cikin abokan aikinka. Ka zaci za su zo?

Ba zan tauye maka haƙƙi ba, aikin nan ya yi mana rana. Ina tuna lokacin da mutanen kamfanin gina madatsar ruwa suka zo gungunmu, tsibirin nan na tsakiyar kogi, a jirgi mai inji, suna neman majiya ƙarfi. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kowa na cewa ƙasa za ta waye. Ka ajiye taru da fartanya ka bi su. Da leburanci ka fara, ka ƙare kana tuƙa katafila. Mun sa takalmi. Mun ci shinkafa ba ranar salla ba. Da ƙyanda ta kwantar da Sani, likitan kamfani ne ya ceto shi, a shekarar da maƙwabta suka binne 'ya'yansu. Wannan duk na sani.

To amma wa suka dawo mana da shi, Baba?

Ka tuna ranar da Inna ta ɗauke ni muka je sansanin ma'aikata? Jirgi muka shiga, muka hau mota, muka ƙarasa da ƙafa, tana ɗauke da kwandon kifin da ta zaɓa maka da hannunta. Ka fito da hular kwano da manyan takalma, abokanka na bayanka. Ka dube mu, ka gaya wa maigadi wai wata mai tallar kifi ce daga garinku, a bar ta a waje kada ta cika wurin da ƙarni. Ka karɓi kwandon kuwa. Ni ko kallona ba ka yi ba. A hanyar komawa gida Inna ta riƙe hannuna har ya yi tsami.

Sai ranar tashi. Da aka ce ruwa zai ci gungu, kowa ya kwashe, Kaka ta zauna a kan kabarin mijinta, ubanka, ta ce ruwan ya same ta a nan. Tsofaffi suna lallashinta, ta ma fara saukowa. Kai ne ka keto taro, don Baturen aikinku yana tsaye yana duba agogo. Ka sungumi uwarka kamar buhun albasa ka jefa ta cikin jirgi, zaninta ya kwance a gaban surukanta. Baturen ya dafa kafaɗarka, kai kuma ka washe baki. Me ya ba ka? Kaka ba ta ƙara kiran sunanka ba har ta rasu a sabon gidan nan mai rufin kwano kamar tanda, kafin damina ta fita.

Aiki ya ƙare, suka naɗe kayansu suka tafi. Kai suka bar mana: ƙarar inji ta kashe maka kunne, ƙurar dutse ta cinye maka ƙirji. Fadamarka tana ƙarƙashin ruwa. Ka gwada komawa kamun kifi, kututturan itatuwan da tafki ya shanye suka yayyaga tarunka. Wutar lantarkin da ka yi wa bauta ta wuce manyan birane, mu da aci-bal-bal muka yi jinyarka.

Yanzu ga abin da ban gaya maka ba.

Kowa a Shanga da Yelwa yana yabon Inna, wai ba a taɓa ganin mace mai jinya irinta ba. Gaskiya ne. Ta wanke ka, ta juya ka, ta kwashe majinarka. Kullum da hantsi takan zaunar da kai a inuwa, ta ɗauko romon kifi tana ba ka a baki, fuskarta cike da murmushi, leɓɓanta na motsi. Kai ka ɗauka addu'a take maka. Ba addu'a ba ce, Baba. Tuna maka take yi. Ƙofar sansani, da maigadi, da zanin Kaka, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake komai. Takan tambaye ka ina Baturenka yau, me ya hana shi zuwa ya share maka baki. Takan ce Allah ya ja kwananka ka daɗe a haka. Kai kuma sai ka gyaɗa kai, idonka ya kawo ruwa don godiya, ka shafa fuska ka ce amin.

Ina zaune a gefe ina tsince shinkafa, ina jin komai. Ban hana ta ba. Wata rana ma da ta manta abu ɗaya, ni na tuna mata. Kada ka jira in ce na yi nadama, ban yi ba tukuna.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ran da za ka cika ka kama hannunta ka ce ba ka cancanci alherinta ba. Ta yi maka murmushin nan, ta ce ai ta sani. Shin ka karanci bakinta a wannan karon? Ko dama tun can kana karantawa, ka zaɓi ka riƙa cewa amin?

Sai wata rana, Baba. Allah ya jiƙanka, ya sassauta maka. Wannan kam addu'a ce.

Ɗiyarka,
Kulu