Kada a Kwashe Littattafan Ajinmu na Kambaza

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Kula da Karatun Manya na Yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ranka shi daɗe, ni ne Umaru Mai-albasa na Kambaza, ɗalibin ajin yaƙi da jahilci, wanda malaminmu da kansa ya shaida ya fi kowa kyan rubutu. Da hannuna na rubuta wannan wasiƙa, ba wanda ya kama mini.

An sanar da mu cewa bayan kaka za a kwashe littattafan ajinmu, a riƙa aiko mana da darasi ta waya cikin saƙon murya. Ban amince ba, ga dalilaina.

Na ɗaya. Mu mutanen ƙasar Gwandu karatun zaure muka gada: a biya layi ɗaya, a tsaya, a yi tambaya, ba a wucewa sai ya zauna. Haka muke bin littafinmu bayan la'asar, har mukan yi musu a kan shafi guda sai an kira magariba. Saƙon murya kuwa ba ya jiran mai tambaya.

Na biyu, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Da ranin bara wani saƙo ya zagaya wayoyin manoma, wai maganin ciyawar shinkafa yana yi wa irin albasa kafin dashe. Ƙanena Sani ya ji, ya fesa. Kwalbar tana hannunsa, gargaɗin yana rubuce a bayanta, kuma ya riga ni iya karatu tun yana yaro. Bai juya ta ba. Da na tambaye shi ko wane ne mai maganar, sai ya ce muryar ta yi kama da ta masani. Irin ya ƙone ƙurmus. Bana ƙwadago yake yi a fadamar wasu, ga iyali.

Na uku. Ɗana mai karatu a Kalgo ya zo hutu, na miƙa masa insha'ina na farko. Layi biyu ya karanta, na ga babban yatsansa yana tura takardar sama kamar gilashin waya. Sannan ya ce in taƙaita masa.

Ranka shi daɗe, sai da furfura ta fito mini na san baƙin boko. Na iso wurin karatu da murna, na tarar ana naɗe tabarmi.

Saboda haka ina roƙo a bar mana littattafanmu da malaminmu. In waya ta zama dole, ta tsaya ga sanar da lokacin zama.

Allah shi ƙara maka lafiya da basira, shi sa ka gama da aiki lafiya. Roƙona na ƙarshe, kada ka sa wani ya taƙaita maka wannan wasiƙa. In idonka ya iso wannan layi, to ko ba komai mun zama mu biyu.

Wassalam.

Umaru Mai-albasa,
Kambaza.