Kafin Juma'a a Ƙofar Mai Gari

Zuwa ga Yaya Mas'uda, a Ilori.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara, Ya kuma ba ki ladan aikin asibiti. Mu nan Alhamdu lillahi. Inna ta ji sauƙin ƙafarta, har tana fita tsakar gida shan hantsi. Matata Raihana cikinta ya shiga wata bakwai. Albasa ta yi kyau bana, ruwan dam bai yanke muna ba. Na san za ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Wayata ba ta hannuna, kuma dalilin ke nan na ba direban da ke kai albasa wajenku wannan saƙo.

Kin tuna tambayoyin da kika yi ta karanta mini a waya, kika ce in zauna ni kaɗai in auna kaina da gaskiya? Kin ce abin da ke damuna ba kunya ba ce, ba kuma iska ba, tsananin tsoron shiga mutane ne, kuma yana da magani. Lokacin dariya na yi, na ce ku 'yan asibiti ko atishawa mutum ya yi sai kun raɗa mata suna. To, jiya na zauna gona bakin kwamin albasa na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ji daɗin abin da na gano ba.

Kin tambayi mi jikina ke yi in na shiga taro. Zuciyata bugawa take har cikin kunne, tafin hannuna ya jiƙe, miyau ya ƙafe. In aka ce mu ci tuwo akushi ɗaya, loma ba ta kai bakina sai hannu ya yi rawa, shi ya sa kullum nake cewa na ƙoshi. Kin tambayi mi na bari saboda tsoro. Nan ne na ji kunya, Yaya. Shekara biyu ban zauna majalisar ƙofar gidan Kawu Halliru ba. Don kada in ratsa ta a gaishe ni in amsa, sai in zagaya ta hanyar fadama, tafiyar da ta ninka biyu. Masallaci sai an tada kabbara nake shiga sahun baya, ana sallama na ɗauki takalmi. Sunan ɗan amininmu ban je ba, na kwanta na ce zazzaɓi. Sai tambayarki ta ƙarshe, ko abin ya fara ci mini rayuwa. Watan jiya da na ce miki bai kai can ba. Yau ina gaya miki ya kai.

Mako biyu da suka wuce 'yan bindiga suka shigo ƙauyen da ke gaba da mu, suka miƙe kai tsaye zuwa kwarin da mutane suka ɓoye shanunsu, kamar an ja su da igiya. Tun ranar ba a maganar komai sai cewa akwai mai ba su labari. Kowa na duban kowa. Kin san ba ni iya amsa waya gaban mutane, sai in tafi bayan rumfar ajiyar albasa in yi ƙasa da murya. Ashe an sha ganina. Da ke nake magana duk lokutan nan, amma wanda ya hango ni daga nesa bai san haka ba. Aka haɗa da bin hanyar fadama, aka haɗa da gudun majalisa, aka haɗa da yadda ba ni haɗa ido da kowa. Duk abin da na lissafa miki a sama a matsayin ciwo, su ma sun lissafa shi, sai dai wani suna suka ba shi.

Shekaranjiya Kawu Halliru ya zo gona ya same ni. Bai ko zauna ba. Ya ce mai gari ya aiko a karɓi wayata, kuma ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan tsaya a ƙofar gidan mai garin, gaban dattawa da 'yan sa-kai, in faɗi da wa nake magana da kuma mi ke kai ni fadama. Ya ce shi ya san ɗan ƙanwarsa, ya san ko kaza ba ni iya cuta. Ya ce abu ne mai sauƙi, in dube su ido cikin ido, in buɗe murya, domin wanda bai yi komai ba ba shi da dalilin rawar jiki. Na so in ce mishi ko ranar ɗaurin aurena rawar jiki na yi, amma sai na sunkuyar da kai. Ya dube ni ina zufa da sanyin safiya, sai na ga shi ma fuskarsa ta canza.

Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Kin san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa wannan suna a ƙasarmu yanzu, ba a jiran alƙali. Jiya Raihana ta je rijiya, mata suka juya mata baya har ta cika tulunta. Mai shago ya miƙo mini sabulu bai amsa gaisuwata ba. Inna ba ta sani ba tukuna. Na gwada maganar da zan yi ni kaɗai cikin gona, ta fita sumul, amma da na tuna idanun mutum hamsin sai harshe ya sarƙe. Abin da suke jira su gani a jikin mai laifi, shi jikina zai nuna musu.

Ga roƙona. Aron waya a garin nan yanzu ƙara wa kaina zargi ne. Direba ya ce Laraba zai iso wajenku, in mota ba ta lalace ba. Wayata tana hannun mai gari. Ki kira ta ranar Juma'a da ƙarfe uku, ki ce a sa kowa ya ji, ki faɗa musu ke ce, ki faɗa musu sunan ciwon kamar yadda kika faɗa mini. In Allah Ya fid da ni, na yi miki alkawari zan je ganin likitan da kika ce, ko da zan suma a layi.

Ki gaida maigida Malam Habibullahi da kyau, da yara Rumaisa da Mujaheed, ki ce musu kawunsu na sa musu albarka. Raihana na gaishe ki.

Idan kin kira aka ce miki na tsaya na kasa cewa komai, ki gaya musu ba amsa na rasa ba. Ga ta nan a hannunki, ki karanta musu.

Ƙanenki,
Mode.