Gurasa ta Uku Ba ta cikin Hoton

Zuwa ga ɗana Taimuraz, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Fariza da jaririyarmu. Allah ya raya ta, ya ba mahaifiyarta ƙarfin jiki, ya sa Hamburg ta karɓe ku da alheri. Nan ƙauyenmu Dzinaga muna lafiya, an kwashe ciyawar dabbobi kafin ƙanƙara ta sauko daga duwatsu, ɗalibaina kuma suna ta tambayar yaushe za su ga 'yar Jamus.

Ɗana, yaranmu da yawa suna zaton ana gasa gurasar cuku ne gwargwadon yawan baƙi. Ko a ajina sai na yi ta gyara wannan. Uku ake ɗorawa ranar murna, ɗaya ta Allah, ɗaya ta rana, ɗaya ta ƙasa. Ranar makoki kaɗai ake cire ta rana a bar biyu, domin mamaci ya gama ganinta. Hoton walimar sunan da ka aiko ya iso, mun kuwa ga gurasa biyu a kan teburinka. Na san tandarku ƙarama ce, na kuma san rashin sani ya fi dare duhu, don haka ba zarginka nake ba. Baffanka Jambolat ma dariya ya yi, ya ce a tambayi injiniyan nan ko a makarantar Turawa ƙirga a biyu yake tsayawa. Nana kakarka ce ba ta yi dariya ba. Ta ce masa ya rufe baki, gemunsa kawai ya tsufa ya bar hankalinsa a baya. Sannan ta kife wayar a cinyarta, ta tambaye ni a hankali yaushe yarinyar ta rasu, me ya sa muke ɓoye mata.

Na rantse mata, na kunna mata kukan jaririyar, ta ce ai na'ura tana riƙe muryar matattu ma. Tun ranar ba ta cin abin kirki. Ta ja kujerarta bakin taga, tana fuskantar tsofaffin ɗakunan kaburbura na kan tudu. Sai shekaranjiya da hantsi, ina taje mata kai, ta faɗa mini abin da ban taɓa ji ba duk karatun tarihin da na yi. Ta ce ranar da aka ɗauki yayanta Gappo zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, tana 'yar ƙarama, garin alkamar da ke gidan bai kai na gurasa uku ba. Mahaifiyarsu ta gasa biyu, ta ce Allah ya san babu. Gappo ya dubi faranti, ya yi murmushi, ya ce wato tun yanzu an yi masa makoki, a ajiye masa ta ukun sai ya dawo. Bai dawo ba, ko kabarinsa ba a sani ba. Yanzu Nana tana cewa tana ganinsa tsaye a ƙofar gida da rana tsaka, da hularsa a hannu, teburi kawai yake kallo. Ni malamar makaranta ce, amma na kama kaina ina kauce wa wannan ƙofar.

Likita ya ce jikinta ba zai jure yunwa ba. Maganin yana hannunka. Ka kwaɓa gari da kanka, ka gasa uku ko da ɗaya bayan ɗaya ne, ka ɗora su bisa juna, kada ka juya farantin lokacin yanka. Ka kira mu ta bidiyo da rana, ka ɗauki yarinyar a hannu. A can kai ne babba a gida, kai za ka yi addu'ar, kuma da harshenmu na Digor, ba Rashanci ba. Na san ya yi tsatsa a bakinka, amma da babu gara ba daɗi. Ka fara da sunan Allah kamar yadda kakanka ke yi, sauran zai biyo. Ka ambaci yarinyar, sannan ka ambaci Gappo, ka ce masa an cika ta ukun.

Ka gaishe mini da Fariza da iyayenta, da ɗan'uwanka Cermen idan ya leƙo. Jambolat na gaishe ka, ya ce ka ƙirga da yatsu. Nana ba ta ba da saƙo ba, tana bakin taga. Ka hura tandar, ɗana.

Goggonka,
Izeta